Kifin da Pishi Bokul ta ƙi dafawa

Tun kafin a haife ni rabon Pishi Bokul da ta sa kifi a baki, amma ka tambayi kowa a layinmu na Sirampur wa ya fi iya miyar kifi, ƙofar gidanmu zai nuna maka. Yayar Baba ce. Mu muna ce mata Pishi saboda gwaggonmu ce, mai shara da mai kawo madara kuma suna ce mata Pishi saboda tsoro.

An aurar da ita ga wani magatakarda a masana'antar buhunan rama da ke bakin kogi. A hoto kawai na san shi: siririn mutum mai gashin baki, ya ƙame kamar wanda fitsari ya matsa. Zazzaɓi ya ɗauke shi ba su haihu ba. Pishi ta goge jan garin matan aure da ke tsagar gashinta, ta fasa awarwaronta, ta ɗaura farin sari, ta dawo gidan ƙaninta da akwatin ƙarfe da dutsen niƙa. Daga ranar ta yi sallama da kifi da nama da albasa da tafarnuwa, kamar yadda matan da suka rasa miji ke yi a zamanin kakanni. Zamanin kakanni fa na ce. Matar marigayi mai kantin magani da ke kallon gidanmu tana gwaguyar cinyar kaza, tana sa sari mai furanni, kuma har yau sama ba ta faɗo mata a ka ba. Amma je ka faɗa wa Pishi haka, in kana da kunnen da ba ka so.

Ina koyon tafiya mahaifiyarmu ta rasu, yayata Shiuli tana 'yar firamare. Baba mai sayar da tikiti ne a mashigar jirgin fito, kuma mutum ne da in ya yi magana sau uku a yini sai mu taɓa goshinsa mu ji ko zazzaɓi ne. Don haka Pishi ce ta yi mana wanka, ta yi mana duka, ta yi wa Shiuli kitso, ta raka ni makaranta sau da yawa da ni da kunnena a hannunta. Makarantar dai na bar ta a aji tara, ni da ita ba wanda ya yi kuka. Na taɓa gyaran waya, na taɓa sayar da laima a tashar jirgin ƙasa, yanzu ina jan babur mai ƙafa uku na wani mutum. Aikin da ban taɓa samun damar ajiyewa ba shi ne na kicin ɗin Pishi.

Murhu biyu ne a kicin ɗin. Na dama nata ne, na ganye da wake da shinkafa. Na hagu namu ne, na kifi. Ludayin hagu bai isa ya leƙa dama ba. Ranar da na yi kuskuren juya mata wake da cokalin kifi, ta zubar da waken, ta wanke murhun, ta yi wanka, sannan ta zauna ta ba ni tarihin rashin hankalina tun daga ranar suna.

Tunda ba ta ɗanɗana abin da take dafa mana, ni ne harshenta.

"Poltu! Zo ka ji min gishiri."

In zo in lasa. "Ya yi, Pishi."

"Bai yi ba."

"To me ya sa kika tambaye ni?"

"Don in ga ko ka fara hankali. Miƙo gishirin, biri."

Abin haushin, in ta ƙara ɗan abin da ta ƙara da yatsu biyu, sai ka ji ashe da can ruwa kake sha. Da hanci take girki, da kunne kuma. Ƙarar man mastad, man 'yar ƙwayar nan mai yaji da muke girki da shi, a kasko kawai take ji daga tsakar gida ta san ya isa a jefa barkono. Ka tambaye ta kurkur nawa ake sawa, ta ce daidai. Daidai ɗin nawa? Yadda ya kamata. Wata maƙwabciya ta taɓa zuwa koyon miyar kan kifi, ta koma gida tana hawaye.

Shiuli ta yi aure a ƙetaren kogi, gidan mutanen kirki. Da damina ta kama cikinta ya shiga wata na tara, lokacin shad ya yi: a dawo da mai ciki gidan iyayenta, a sa mata sabon sari, a jera mata duk abincin da ranta ke so, ta ci ta ƙoshi kafin ta shiga wahalar da ke gabanta. Ta bugo wayata, na buɗe murya na ajiye kusa da Pishi tana tsince shinkafa.

"Pishi, kar ku wahalar da kanku da kala-kala. Abu ɗaya nake so. Kifin ilish da mastad, irin naki. Wata uku ina mafarkinsa."

"Za a yi," in ji Pishi, ba ta ɗago ba. "Za a samo wadda za ta dafa."

"Wadda za ta dafa kamar yaya? Hannunki ya karye ne?"

"Ke ma kin sani. Matan da mazansu ke raye su ke dafa abincin shad, su ke zubawa. Hannuna ba zai shiga ba."

"Hannun nan da ya yi min tsarki ina ƙarama?"

"Wannan daban."

"Hannun da ya dafa min abinci ranar kowace jarrabawa?"

"Shi ya sa kika faɗi lissafi. Ki bar maganar nan, Shiuli."

Na ce, "Didi," haka muke kiran yaya mace, "ni zan dafa miki. Ni mijina bai mutu ba."

Duka biyun suka ce in rufe musu baki, ɗaya a gabana, ɗaya daga ƙetaren kogi. Sannan Shiuli ta sauke murya, irin saukewar da na sani tun muna yara, wadda ke zuwa kafin a fasa wani abu.

"To shi ke nan. Ku gayyaci mutane, ku sa min sarin. Zan zauna a gabansu in ci farar shinkafa da gishiri. Ba zan taɓa komai ba."

Ta kashe wayar. Kuma za ta aikata, don taurin kan nan a nonon gwangwani Pishi ta dama mata shi.

Daga nan fa wahalata ta fara. Ka gane, ba wanda ya hana Pishi. Da a ce akwai wani mugun tsoho a dangi da ya kafa doka, da na je na saki iskar tayar kekensa na huce. Babu. Mijin Shiuli ya zo da kwalin alewa ya roƙe ta. Baba da kansa ya ajiye kofin shayi ya ce wa tasa yayar, "Didi, ki dafa mata," ya ƙarar da maganarsa ta mako guda a banza. Ni kuma na ɗauko malamin ɗakin bautar unguwarmu a babur ɗina, kyauta, na kawo shi har tsakar gida. Ya zauna ya yi bayani da kyau cewa shi bai ga inda aka hana ba, al'ada ce kawai ta mutanen da. Pishi ta ba shi shayi da biskit, ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce ta san shi tun yana yawo ba wando, kuma ya gaishe da mahaifiyarsa.

Na mayar da shi, kyauta.

Da na dawo na same ta tana niƙa kurkur a dutse. Na ce, "Pishi, don girman Ubangiji, wai wa kike tsoro? Wa zai yi magana? Nuna min shi."

Ta ci gaba da niƙa. Can ta ce, "Ba bakin mutane ba ne, Poltu. Haihuwar fari ce. Uwarku ma ba ta jima ba bayan haihuwarka. In na dafa, wani abu ya sami yarinyar nan ko abin da ke cikinta, ni ce zan zauna ina kallon hannun nan har in mutu."

Na tsaya kamar sandar lantarki. Ita ce ma ta cece ni, ta ce in kawar da inuwata daga kan dutsenta.

Dabarar da ta ɓullo da ita a ƙarshe ita ce: surukar Shiuli, Mashima Dipali, za ta zo ta dafa a kicin ɗinmu, Pishi kuma ta tsaya a bakin ƙofa daga waje tana faɗa mata yadda za ta yi. Hannu na Mashima, ilimi na Pishi. Shiuli ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta ce za ta gani a faranti.

Ni dai tun a lokacin na san akwai rigima. Kakanninmu daga gabas suka ƙetaro, daga Barishal, inda miya ke sa mutum kuka da majina. Su Mashima kuwa 'yan asalin wannan ɓangaren ne, mutanen da ke sa sukari a wake, a kabewa, a dankali, ina jin har a ruwan wanka. Na faɗa wa Pishi. Ta ce Mashima mace ce mai hankali, ba irina ba.

Ranar shad aka tashi da ruwan sama. Na je kasuwa da sassafe na samo ilish mai faɗin ciki, yana sheƙi kamar sabuwar kwalla. Pishi ta danna shi da ido, ba da yatsa ba, ta ce ba laifi. A bakinta wannan lambar yabo ce. Ta yi wanka, ta sa farin sarinta mai guga, ta zo ta tsaya a bayan dokin ƙofar kicin, ta naɗe hannayenta biyu cikin gefen sarin kamar mai tsoron kada su gudu.

Mashima Dipali ta iso da laima da dariya. Mace ce mai jiki, jan garin goshinta kamar fitilar kan hanya, awarwaro har gwiwar hannu. Ta ɗaure sari a ƙugu ta ce, "To, Beyan, ga ɗalibarki." Haka iyayen miji da na mata ke kiran juna. "Ki faɗa, in yi."

Na yanka kifin gunduwa-gunduwa. Mashima ta kwashe ta nufi famfo.

"Ina za ki da shi, Beyan?"

"In ɗauraye jinin."

"An wanke shi kafin a yanka. In kin sake sa masa ruwa, ƙamshin ne za ki tura kwata."

"Af! To." Ta dawo, ta shafa gishiri da kurkur, ta ɗora kasko, ta zuba mai. Da ya yi zafi ta ɗauki gunduwa ɗaya.

"Me za ki yi?"

"In ɗan soya shi mana."

"Ilish? Soya?" Muryar Pishi ta haura. "Ɗanye ake sa shi a miya, Beyan. Ɗanye."

"Mu a gidanmu muna ɗan nuna masa mai, don ƙarni."

"Ƙarnin shi ne kifin."

Mashima ta yi dariya ta ajiye. Ni ina durƙushe ina niƙa mastad da gishiri da ɗanyen barkono, gumi na ɗiga daga hancina, ina kallon ƙafafun Pishi. Babban yatsanta ya hau dokin ƙofa, ya sauka, ya sake hawa. A ɗaya ɗakin mata sun fara cika, ana ta hayaniya, ana jera kwanonin tagulla: soye-soye, wake, ganye, kunun shinkafa da madara. Na ji isowar Shiuli, na ji ana yi mata tsiya cewa cikin ya fi ta girma.

Aka tace mastad ɗin aka zuba. Aka jera kifin a ciki, aka tsaga barkono aka watsa. Pishi na ba da umarni kamar ɗan sandan kan titi: rage wuta, kar ki juya da ludayi, girgiza kaskon kawai, ba haka ba, a hankali. Ƙamshi ya fara tashi, irin wanda ke shiga hanci ya fito ta ido. Har na fara cewa a raina mun tsira.

Sai Mashima ta ɗanɗana romon, ta ɗan karkata kai, ta miƙa hannu kan kantar kicin ta sauko da gwangwanin sukarin shayinmu. Ba ta tambayi kowa ba, don ita a wurinta ba abin tambaya ba ne. Ta cika cokali, ta nufi kasko tana 'yar waƙarta.

Ban ga lokacin da Pishi ta shigo ba. Na dai ji iska ta wuce ni, na ji awarwaro sun yi kacau, na ga sukari ya watse a ƙasa. Pishi na riƙe da wuyan hannun Mashima.

"Sukari? A ilish? A gidan nan?"

"Ɗan kaɗan ne, Beyan, don ya kashe kaifin..."

"Kaifin ake nema! Matsa. Matsa, don girman iyayenki. Poltu, barkono biyu. Ba waɗannan ba, jaki, masu duhun. Ɗanyen mai."

Ta kama kunnuwan kaskon da gefen farin sarinta ta girgiza shi sau ɗaya, gunduwoyin suka gyara kwanciya. Ta sunkuya ta shaƙa, ta ƙara gishiri da yatsu biyu, ta zagaya da ɗanyen man mastad a kai, ta rufe. Ta tsaya kanta a karkace tana sauraren tafasar. Ni da Mashima muka manne a bango ba mai motsi. Da lokacin ya yi ta kashe wuta, ta buɗe murfin, ta ce, "Yauwa."

Sannan ta ga hannunta. Ta ga kurkur a gefen sarinta. Ta kalli ƙasa ta ga a wane ɓangaren ƙofa take tsaye. Na rantse fuskarta ta koma kalar sarin.

"Poltu," ta ce a hankali, "ɗauki ka zubar. Ka koma kasuwa."

"Kasuwa ta tashi, Pishi."

"Ka je ƙetare. Ka je Kolkata. Ɗauke shi daga nan."

"Ba inda za shi."

Shiuli ce a bakin ƙofa, cikin sabon jan sari, da furanni a gashi, hannu ɗaya a ƙugu ɗaya riƙe da farantin shinkafa. Hancinta ne ya jawo ta. Ta shigo tana tafiyar agwagwa, ta dafa kafaɗata, ta sulale ta zauna daɓas a ƙasan kicin, kan sukarin da komai.

"Tashi! Shiuli, tashi, kar ki taɓa!"

"Ko ina so ba zan iya tashi ba, sai an kawo mutum huɗu. Poltu, zuba min."

Na kalli Pishi, na kalli Didi. Duk wadda na bi, ɗayar za ta kashe ni. Na zaɓi wadda ta fi nauyi. Na ɗebo gunduwar ciki da romo na zuba mata. Ta cakuɗa da shinkafa, ta kai baki, ta rufe ido. Hawaye ya zubo mata, ban sani ba ko na mastad ne.

A ɗaya ɗakin wata ta ga lokaci ya yi ta busa katantanwar biki, aka rangaɗa guɗa ga tabarmar mai ciki da ba kowa a kai. Da suka gane, sai ga mata sun yo kicin, suna leƙe ta kan juna, da kwanoninsu a hannu. Pishi na tsaye tana kiran sunayen duk abin bautar da ta sani. Shiuli ta sake gutsuro kifi da sauri.

"Ƙaya!" Pishi ta daka mata tsawa. "Haka ake cin ilish? Kina so ki shaƙe a gabana?"

Ta durƙusa, ta janye farantin gabanta, ta shiga zare ƙayoyin nan masu kama da gashi ɗaya bayan ɗaya, tana tura tsokar gefen Shiuli, tana faɗa. Shiuli na ci tana miƙo hannu. Gunduwa uku ta tashi da su. Kunun madarar da aka ce shi ake fara ci, sai daga baya aka tuna da shi.

Da yamma na raka Mashima mashigar jirgi. Na ce, "Mashima, tsakani da Ubangiji, dabara kika yi da sukarin nan ko?"

Ta tsaya ta dube ni. "Wace dabara? Ana miya ba sukari ne?"

Kar ka ɗauka an huta. Makonnin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwata. Pishi ta yanke hukunci cewa laifina ne, tunda ni na zuba. Ta shiga azumi iri-iri, har da waɗanda nake zargin ita ta ƙirƙiro su. Ta rufe murhun hagu, muka koma cin wake da ɗacin garahuni, Baba na tauna yana kallona kamar ni na kashe kifin duniya. Safe da yamma sai ta tura ni ƙetare gidan mijin Shiuli in tambayo ko ɗan ya motsa.

"Pishi, ga waya. Ki buga mana."

"A waya za ta yi min ƙarya. Je ka kalli idonta."

In je, Didi ta jefe ni da matashi, in dawo in ce ya motsa. Sau nawa? Ban ƙirga ba. To koma.

Wata ranar Talata da hantsi naƙuda ta zo. Na kwashi Pishi da Baba muka ƙetara zuwa ƙaramin asibitin da aka kai ta. Pishi ta ƙi shiga ko barandar ɗakin. Ta zauna a benci can kusa da masu gadi, ta ƙudundune hannayenta a cinya, ba ta sha ko ruwa ba. Na kawo mata shayi ya huce a gefenta. Na yi mata labarin wani fasinja da ya shiga babur ɗina da akuya, ba ta ko ce min biri ba. A nan ne ni ma tsoro ya kama ni.

Bayan azahar Mashima ta fito da gudu, awarwaro na kacau-kacau. "Beyan! Mace ce! Lafiya lau, uwa da 'ya. Ki ji muryarta, kamar mai tallan kifi!"

Pishi ba ta tashi ba. Sai da Mashima ta kama ta ta ja, kamar yadda Pishi ta kama ta a kicin. A ɗakin, Shiuli na kwance ta yi laushi, ta nuna jaririyar da haɓa. "Ɗauke ta, Pishi. In kin ce hannunki kaza, na rantse zan tashi."

Pishi ta goge tafukanta a sari, ta sake gogewa, sannan ta karɓa. Ta buɗe zanen ta duba ƙafafu, ta duba kunnuwa, ta sa kunnenta a ƙirjin yarinyar ta daɗe. Na matso in ga fuskar 'yar yayata, sai ta tare ni da gwiwar hannu.

"Me ka tsaya yi? Mai jego za ta sha romo. Je ka samo tarwaɗa mai rai da ɗanyar gwanda, ka kai gida ka kunna murhun hagu."

"Wa zai dafa?"

"Wa kake gani zai dafa, jaki? Wuce!"

Na fito ana yayyafi. Ni da aka yi wa 'ya, ko hancinta ban gani ba.